Daga Kolo Zuwa Gwani: Sunayen Masu Ilmi da Asalinsu

Kowa ya san abin da ya kawo yawancin iyayenmu ƙasar Barno: wani fatauci, wani aikin reluwe bayan da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, amma da yawansu allo suka rataya suka ce sun tafi gabas. To, sunayen da muke kiran masu karatu da su kullum, mun kuwa san ma'anarsu?

Mu fara da shi kansa karatun. A 1960 wani masanin harsuna ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya nuna cewa kalmomin "karatu" da "rubutu" ta bakin Barebari suka shigo Hausa. Ba abin mamaki ba ne. Tun wajen 1085 Mai Hume ya karɓi Musulunci a Kanem, kuma a ƙarni na 13 har masauki aka gina wa ɗaliban Kanem a Alƙahira. "Tsangaya" ma daga sangaya ta Barebari take. "Almajiri" kuwa Larabci ne, almuhajir, wato wanda ya bar gida don neman ilmi. Babu bara a cikin ma'anarsa ko kaɗan.

A tsangaya suna ba kyauta ba ne, matakala ce. Yaro yakan fara da kolo, yana babbaƙu da farfaru. In ya ɗan tasa ya zama titibiri, sannan gardi, mai taimaka wa malam wajen kula da ƙanana. "Malam" daga mu'allim take, wato mai koyarwa. Wanda ya haddace izu sittin, ya kuma iya rubuta su da ka, shi ne alaramma, kuma asalin kalmar addu'a ce ta neman masa rahamar Allah.

Sai gwani, wanda Barebari ke cewa goni. Ba hadda kaɗai ke kai mutum nan ba. Gwani shi ne wanda ya san kowace kalma sau nawa ta zo a cikin Alƙur'ani, a ina da ina, da wane wasali, abin da mahaddata ke kira harji. Kuma ba shi ke naɗa kansa ba. Sai ya zauna darasu gaban gwanaye, sun ja shi sun ja shi ba su sami gyara ba, kafin a naɗa masa rawani. Sunan tsoho ne: malamin da ya jagoranci cin Birnin Ngazargamu a 1808 Gwani Muktar ake ce masa. Bahaushe kuma yakan kira duk wanda ya ƙware da wannan suna, har muke cewa gwanin ɗinki, gwanin magana.

"Shehu" kuma na mai zurfi ne a fiƙihu da tafsiri da sauran fannoni. Ku duba fa, Shehu Laminu, wanda ya rasu a 1837, bai karɓi sunan Mai ba, sunan malanta ya riƙe, shi ne zuriyarsa ke amsawa a gadon sarautar Barno. Haɗin nan bai tsaya a Barno ba. Wali Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, asalin gidansu Barno ne. Nan unguwarmu ma, Shehu Sharif Ibrahim Saleh, da aka haifa a 1938, ɗan Goni Saleh ne, kuma a Gwange ya kafa zawiyarsa.

To ina matsalar take? Yau sai ka ga yaro ya yi sauka ɗaya, ya sami lasifika, gobe an buga masa kati da Gwani ko Shehi. Idan kowa gwani ne, wa za a kai wa allo ya gyara? Uban da ke neman inda zai kai ɗansa, da me zai bambance? Magabata sun ce gaba da gabanta. Kafin mu kira mutum gwani, mu tambaya: a gaban wa ya yi darasu, su wa suka naɗa shi? Mu kuma daina kiran kowane mabaraci almajiri, don kakanninmu da wannan suna suka iso garin nan.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya ba mu albarkacin karatu. Amin.