Jinyar Masu Yoyon Fitsari a Gida: Matsayin Mai Jinya a Arewacin Zamfara

Tsakure

Maƙalar nan bita ce ta rubuce-rubucen likitoci, ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya da hukuncin fiƙihun Malikiyya a kan rashin iya riƙe fitsari, an kuma auna su da yanayin rayuwa a Sakajiki da sauran ƙauyukan Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi. Abin da take kafa hujja a kai shi ne, mafi yawan jinyar wannan lalura a cikin ɗaki ake yinta, a hannun matan gida waɗanda ba a taɓa koya musu ba, saboda haka horar da mai jinya ɓangare ne na maganin kansa.

Gabatarwa

Binciken da aka yi a ƙasar Hausa ya fi karkata ga yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke haifarwa. Kelsey Harrison ya wallafa nazarin haihuwa 22,774 a Zariya a 1985, Lewis Wall kuma ya bayyana a 1998 yadda jinkirin kai mai naƙuda asibiti ke kashe wasu mata ya naƙasa wasu. Idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓare ya bar ƙofa. Yankan gishiri ma na jawo irin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 50,000 zuwa 100,000 ke kamuwa duk shekara a duniya.

Aikin tiyata ya samu gindin zama. Tun farkon shekarun 1980 Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya mai da asibitin Babbar Ruga a Katsina cibiyar gyara da horar da likitoci. Akwai sashen Laure a asibitin Murtala na Kano, asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, asibitin Farida a Gusau, da cibiyar Danja kusa da Maraɗi wadda aka buɗe a 2012. Sai dai waɗannan cibiyoyi na ganin mace na makonni ne kawai. Shekarun da ta yi kafin ta isa wurinsu a gida ta yi su, kuma wasu ko bayan an ɗinke ƙofar suna ci gaba da tsiyaya, saboda bututun fitsarin ya lalace ko mafitsarar ta tsuke. Ban da su, cikin masu rashin iya riƙe fitsari akwai tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, tsohuwar da haihuwa da yawa ta sassauta mata mara, mai ciwon suga, da wanda harsashi ya taɓa masa laka.

Wa ke jinyar?

A wannan yanki, kai tsoho gidan kula da tsofaffi abin kunya ne ga zuri'arsa, don haka ma'aikacin jinya shi ne ɗan gida. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma haka abin yake a zahiri: matar da yoyo ya sa aka mayar gidan iyayenta uwarta ce ke wanke mata tsumma, tsohuwa kuma 'yarta ko jikarta. Wurin da aka fi samun gibi shi ne tsoho namiji da matarsa ta rasu. Kunya ta hana matar ɗansa kusantar shimfiɗarsa, 'ya'yansa maza suna gona ko kasuwa, sai ya wuni cikin jiƙaƙƙen wando har a dawo da yamma. Duk shirin horarwa da ya gayyaci mata kaɗai zai bar wannan dattijo a inda yake.

Yana da kyau a dubi aikin daki-daki. Da asuba ana ɗaga majinyaci, a janye ledar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tabarma, a wanke cinyoyi da matsematsi, a fitar da zannuwa. Famfas na manya ya fi ƙarfin aljihun manomi, saboda haka tsofaffin zannuwa ake yayyagawa a yi ƙunzugu. Kowane wanki na cin ruwa da sabulu, ruwan kuwa daga rijiya ko bohol ake ɗauko shi a ka. Saboda gudun idon maƙwabta, a cikin ɗaki ake shanya tsumman, ya ƙi bushewa, zarni ya kama shi. A sansanin gudun hijira ko gidan dangi a cikin garin Shinkafi ko Zurmi, inda iyalai ke raba ɗaki guda bayan harin 'yan bindiga, ko wannan ɗan sirrin babu. Matsalar tsaro tana ƙara masu lalurar kuma: hanyar da ba a iya bi da dare tana tsawaita naƙuda, ko da asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki, suna buɗe.

Abin da ya kamata mai jinya ta sani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rage shan ruwa don a rage yoyo. Fitsari sai ya yi kauri, ya ƙara zarni, ya ci fata, ya tara tsakuwa a mafitsara. Akasin haka likitoci ke umurni. A rahotonsa na 2004 kan mata 1,716, Waaldijk ya nuna cewa sa robar fitsari da wuri tare da shan ruwa mai yawa na iya rufe wasu sabbin ƙofofi ba tare da tiyata ba. Ungozomar da ta san wannan za ta tura mai jego asibiti a makon farko, ba ta jira a yi arba'in ba.

Sauran darussan ba su da tsada. A wanke fata da ruwa mai tsabta, a tsane ta ba tare da gurzawa ba, a shafa basilin. A riƙa juya wanda ba ya iya motsi kusan duk awa biyu don kada gyambo ya fito a ƙugu da diddige. Jakar fitsari ta kasance ƙasa da mafitsara koyaushe, kada robar ta lanƙwashe; zazzaɓi ko tsayawar fitsari alama ce ta a nufi asibiti. Ƙa'idojin kula da tsofaffi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 sun ba da shawarar tuna wa mai ruɗewar tsufa ya yi fitsari a kan lokaci, da motsa tsokokin mara ga tsofaffin mata, sannan suka ware shawara ta musamman kan horar da 'yan uwa masu jinya da tallafa musu. A ƙauye lokutan salla biyar sun isa su zama ma'aunin kai tsoho bayi ko miƙa masa fo, a ƙara sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya cikin dare.

Batun tsarki

A ganina nan ne ma'aikatan lafiya suka fi yin shiru, alhali nan ne ciwon ya fi taɓa zuciya. Mai yoyo kan ɗauka sallarta ba ta karɓuwa, ta daina yi, ta daina shiga mutane. Malaman Malikiyya kuwa sun yi bayanin wannan lalura tun da daɗewa. Risalar Ibn Abi Zaid ta mai da sabunta alwala ga kowace salla mustahabbi a kan mai ita, littattafan mazhabar na baya kuma sun fayyace cewa fitsarin da ke zuba rabin lokaci ko fiye ba ya karya alwala, kuma an yi rangwame a kan abin da ya taɓa tufafi. Wannan ilimi yana hannun limamai da malaman Islamiyya na garuruwan, bai dai isa ɗakin jinya ba.

Shawarwari

Dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2017 ta ba gwamnati hurumin tsara kula da tsofaffi, amma hannun da zai isa Sakajiki shi ne na jami'in lafiya na ƙaramin asibitin mazaɓa. Ana iya ba shi ɗan gajeren darasi da Hausa wanda zai koyar gida-gida, har da 'ya'ya maza. Kada a sallami mace daga Gusau ko Babbar Ruga sai an zaunar da wadda ta rako ta an nuna mata wanki, kula da roba da ranar dawowa, an kuma shaida wa mijin cewa haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, ta hanyar tiyata. Masu raba kayan agaji a Shinkafi da Zurmi su tambayi kowane gida ko akwai mai kwanciya, su ƙara masa sabulu, bokiti mai murfi, leda da yadin auduga mai wankuwa.