Mazarin Ƙarfe Mai Ba Da Wuta

Jama'ar Magarya da Dungas, kowa ya san mazari. In sandarsa ta karkace, ko gululu ya fi nauyi a gefe guda, sai ya yi ta rawa, zare ya tsinke. To, akwai wani mazari na ƙarfe wanda tururi ke juyawa, shi kuma ya juya injin wutar lantarki.

Wani mutumin Ingila, Charles Parsons, shi ya ƙera irinsa a shekarar 1884. Ya jera ƙananan fikafikan ƙarfe a jikin sanda, layi bayan layi. Tururin tafasasshen ruwa ya bi ta tsakaninsu da ƙarfi, sanda ta juya sau 18,000 a minti guda. Wutar da ya samu kaɗan ce, kilowat 7.5 kacal.

Sai bayan kusan shekara ɗari wannan sana'a ta kafu a arewacin ƙasarmu. A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR don haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, cikin jihar Agadas. A 1981 tashar ta fara ba da wuta. Injuna 2 aka kafa, kowanne megawat 18.8. Domin ma'adinan uraniyom na Arlit da Akokan aka gina ta, garin Agadas ma ya samu rabonsa.

Ƙirar mazarin ita ce babban aiki. Akan gasa dunƙulen ƙarfe har ya yi ja, a matse shi da inji yadda maƙeri ke dukan garma, don kada a bar rami ko tsaga a cikinsa. Sannan a fere shi. Fikafikan bakin shiga gajeru ne, na ƙarshe dogaye, domin tururi yana ƙara buɗewa in ƙarfinsa ya ragu. Kafin ya bar maƙera sai an juya shi an auna. Inda ya fi nauyi a rage, inda bai kai ba a ƙara. Kuskure kaɗan a nan, ai girgiza ta farfasa injin, gari ya kwana cikin duhu.

Ko an kashe injin ba a barin mazarin tsaye da zafinsa. Akan ci gaba da juya shi sannu-sannu har ya huce, in ba haka ba sai ya lanƙwashe.