Wa Ke Riƙe da Makullin Gulbin Rima?

Manomin tafarnuwa a fadamar Taloka, idan ruwa ya yi masa wuya a tsakiyar rani, ba sama yake kallo ba. Hankalinsa yana kan ƙofofin dam ɗin Goronyo. Kakansa bai san wannan ba. A zamaninsa gulbi ne mai iko: ya cika da damina, ya malala, ya bar laka, a shuka shinkafa, rani ya yi, a kafa jigo a bakin gaɓa. Rigimar gona ta hakimi ce, ta kamun kifi kuwa ta sarkin ruwa.

Farin farkon shekarun 1970 ne ya sauya lissafi, ga shi kuma ya zo daidai da shigowar kuɗin man fetur. A 1973 gwamnatin Gowon ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, tare da takwararta ta Tafkin Chadi. Zuwa 1976 irinsu sun kai goma sha ɗaya a faɗin Nijeriya. A 1978 kuma aka yi dokar da ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Ruwa ya koma na hukuma, ƙasa ta koma ta gwamnati, duk cikin shekara biyar, kuma babu wanda ya tara manoma ya ji ta bakinsu.

A aikin dam ɗin Bakolori aka fara ganin sakamako. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka far musu, aka rasa rayuka. Da wannan tabo a zukatan mutane aka gina dam ɗin Goronyo, wanda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, domin noman rani a kwarin Rima da shan mutanen Sakkwato.

Sai dai ba duk ruwan ne namu mu kaɗai ba. Kogin Gada yana tashi daga ƙasar Katsina, ya wuce Jibiya, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya dawo gida ya haɗu da Rima. Duk wanda ya tare shi a sama, ya taɓa tukunyar maƙwabci. Shi ya sa a ranar 18 ga Yulin 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan koguna huɗu da suka yi tarayya a kai, ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwar da suka kafa tun 1971. Takarda ce mai kyau, amma da wuya ka ji an ambace ta a kasuwar Wurno ko Rabah.

Abin da ake tunawa a can shi ne Satumbar 2010, da ruwan dam ya ƙwace ya cinye ƙauyuka da gonaki, da kuma 2018, da ya janye har ya zama saura kusan kashi goma cikin ɗari.

Dokar ruwa ta 1993 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, amma ta bar ƙofa guda: mai gona yana iya ɗiban ruwan ƙarƙashin gonarsa kyauta don ban-ruwan kansa. Ta wannan ƙofar manoman fadama suka bi. Su kafa bututu a ƙasa, su ɗaura ƙaramin inji, su sayi fetur a galan.