Mutuwar Optimus Prime da Makokin da Ba a Zauna Ba: Sake Duban Fim ɗin Transformers na 1986

A ranar 8 ga Agusta, 1986, aka fara nuna The Transformers: The Movie a gidajen silima na Amurka. Fim ne na zane mai motsi wanda Nelson Shin ya ba da umarni, Ron Friedman ya rubuta, kamfanin Toei na Japan kuma ya yi aikin zanen. Tushensa shirin yara ne na talabijin da aka fara a Satumban 1984, labarin wasu mutum-mutumi daga duniyar Cybertron masu rikiɗa su zama mota ko jirgi ko bindiga, waɗanda suka rabu gida biyu: Autobots ƙarƙashin Optimus Prime, da Decepticons ƙarƙashin Megatron. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, domin abin da ya tara bai kai dala miliyan 6 ba. Duk da haka waɗanda suka kalle shi da ƙuruciya ba su daina maganarsa ba, kuma kusan kullum zancen yana komawa kan fitowa guda, wato inda Optimus Prime ya mutu.

Masu sake duban fim ɗin da idon girma sun kasu kashi biyu. Wasu begen ƙuruciya ya rufe musu ido, suna kiransa gagarumin aikin fasaha. Wasu kuma, da suka gano dalilin yin sa, sai suka watsar da shi a matsayin doguwar talla. Ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma babban aibin fim ɗin yana wani wurin da duka biyun ba su cika dubawa ba.

Bari mu fara da masu cewa talla ce, don hujjarsu tana da ƙarfi. Kayan wasan sun riga labarin zuwa duniya. Kamfanin Hasbro ya samo su ne daga kamfanin Takara na Japan, daga jerin kayan da ake kira Diaclone da Micro Change, sannan aka nemi marubutan Marvel su raɗa musu suna su ƙirƙira musu tarihi. Lokacin ma ya dace da hakan. A zamanin mulkin Ronald Reagan, hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ƙarƙashin Mark Fowler, ta sassauta ƙa'idojin talla a talabijin a 1984, sai kamfanonin kayan wasa suka cika tashoshi da shirye-shiryen da aka gina kan hajarsu. Peggy Charren da ƙungiyarta ta Action for Children's Television sun daɗe suna kokawa cewa shirye-shiryen nan talla ce daga farko har ƙarshe, kuma sai a 1990 majalisar Amurka ta yi dokar da ta sake ƙayyade mintunan talla a shirin yara. Zuwa 1986 kayan farko sun tsufa a kanti, Hasbro na son fito da sababbi. Hanyar da aka zaɓa ita ce a kashe tsofaffin a idon yara. Cikin mintunan farko an harbe tsofaffin jarumai Ironhide da Prowl da Ratchet da Brawn a cikin jirginsu, Starscream ya zama toka daga baya, Megatron kuma aka sake ƙera shi ya koma Galvatron. A madadinsu aka gabatar da Hot Rod da Kup da Springer da Ultra Magnus, waɗanda za a tarar a kanti.

Wannan duka gaskiya ne. Sai dai bai bayyana dalilin da ya sa fitowar ta girgiza yara ba, alhali talla ba ta cika sa mutum kuka ba. Dalilin yana cikin tsarin shirin talabijin ɗin kansa. Kafin fim ɗin an nuna kashi 65, kuma a cikinsu ana harbe-harbe ba iyaka amma jarumai ba sa mutuwa. Wanda ya ji rauni yau, gobe ya miƙe. Yaron da ya saba da wannan yana kallo ne da irin natsuwar mai sauraron tatsuniya, wanda ya san ko wace irin masifa Gizo ya jefa kansa a daren yau, gobe da dare zai dawo. Shekara biyu ana gina wannan amincewa, sai fim ɗin ya rushe ta kafin ya kai kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. Ƙarfin mutuwar Optimus aro ne daga talabijin. Wanda bai taɓa ganin shirin ba zai ga wani mutum-mutumi ja da shuɗi ne ya faɗi, shi ke nan.

Dole kuma a yaba wa masu zanen da masu murya. An shimfiɗe Optimus, mabiyansa sun kewaye shi, ya miƙa alamar shugabanci da ke cikin ƙirjinsa ga Ultra Magnus, hasken idonsa ya mutu, launin jikinsa ya koɗe ya koma toka-toka. Peter Cullen, mai muryarsa, ya yi maganarsa ta ƙarshe a hankali ba tare da kururuwa ba, kiɗan Vince DiCola kuma ya bi shi a sanyaye. Ga ƙaramin yaro Daniel a gefe yana kuka, yana tsaye a madadin duk yaron da ke zaune a silima. Mutanen da suka yi wannan fitowa sun yi ta da gaske, ko da umarnin ya fito ne daga ofishin ciniki. Akwai ma abin da ke rage ƙarfin hujjar talla: Unicron, dodon nan mai cinye duniyoyi, wanda Orson Welles ya yi wa murya kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a Oktoban 1985, ba a sayar da abin wasansa a lokacin ba, sai a 2003. Ke nan wani sashe na abin da ya fi tsayawa a ran mai kallo ba ya cikin hajar da ake tallatawa.

To ina aibin yake? Yana cikin abin da ya biyo bayan mutuwar. Fim ɗin ya kashe uba, amma bai zauna makokinsa ba. Ana gama fitowar sai labari ya zabura: gudu a sararin samaniya, kotun Quintessons inda ake wanke mutum daga laifi sannan a jefa shi ga dodanni, duniyar bola ta Junkions inda ake rawa da waƙa. Kowace fitowa tana da armashinta, amma babu wadda ta waiwayi rashin da aka yi. Abin da ya fi damuna shi ne lamarin Hot Rod. Shi ne ya tsoma baki cikin faɗan Optimus da Megatron, har Megatron ya kama shi ya yi garkuwa da shi ya samu damar harbi. Matashin da ya ɗauki irin wannan nauyi labari ne cikakke, kuma da an bi shi, da naɗa shi sabon shugaba mai suna Rodimus Prime a ƙarshe ya zama abin da ya sha wuya kafin ya samu. Fim ɗin ya taɓa batun a gurguje ya wuce. A kwatanta da The Lion King na 1994, inda mutuwar Mufasa da zargin kai da Simba ya ɗauka suka riƙe ragowar labarin gaba ɗaya. A can an san mutuwa bashi ce da labari zai biya. A nan an yi amfani da ita don share fage.

Ina ganin wannan ne ya sa martanin ya yi zafi. Yara suna iya ɗaukar mutuwa a labari, tun zamanin Bambi na 1942 an san haka. Abin da ya yi musu nauyi shi ne a karɓe wanda suke yi wa kallon uba, a miƙo musu wani nan take, a ce su so shi. Iyaye sun rubuta wasiƙun ƙorafi, kamfanin Hasbro kuma ya ja da baya. A fim ɗinsa na G.I. Joe na 1987 an riga an tsara mutuwar jarumi Duke, sai aka sauya maganganun aka ce doguwar suma ya yi. Optimus kansa an tashe shi a wani shiri mai kashi biyu a Fabrairun 1987. Gyaran ma bai fi ɓarnar ba, domin yaron da aka koya wa cewa mutuwa gaskiya ce, cikin watanni aka nuna masa ana iya soke ta idan masu saye suka yi fushi.

Hukuncina shi ne fim ɗin ya cancanci a sake kallonsa saboda kashinsa na farko da kuma kyawun zanensa, ragowarsa kuwa aiki ne mai sauri wanda bai girmama baƙin cikin da shi da kansa ya haddasa ba. Ga wanda ya kalle shi da ƙuruciya yake son nuna wa 'ya'yansa, shawarata ita ce ya fara nuna musu wasu kashi na shirin talabijin don su san wane ne Optimus, idan kuma aka zo fitowar mutuwarsa ya dakatar da fim ɗin, ya bar su su yi tambayoyinsu kafin a ci gaba.