Inna Uwar Gona

Mutanen Masar na zamanin Fir'auna suna da wata gunkiya, Isis, wadda suka ce hawayenta ne ke cika kogin Nilu har a sami noma. Gobirawa kuwa, masu cewa daga Masar kakanninsu suka fito, tasu ita ce Inna, iskar da ke tsaron gona, ta shanye jikin ɓarawo. A Alƙalawa wata 'yar sarki ke riƙe da sarautar Inna, ita ce shugabar 'yan bori. Da birnin ya faɗi a 1808, Shehu Usmanu ya zauna Sifawa, sai ƙasar Boɗinga da Danchadi ta zama ta malamai. Sarautar ta bi Gobirawa zuwa Tsibiri, amma har yanzu ciwon da ke shanye ƙafar yaro shan inna ake ce masa.