Sifinja: Tsohuwar Bedford da Hannun Usta Ya Mayar Amarya

Duk lokacin da aka zauna ba da tarihin Hausawan Sudan, abu biyu ake ambata: ƙafa da fartanya. Ƙafa, domin da ita kakanninmu suka taso daga ƙasar Hausa, wasu da niyyar aikin Hajji, wasu kuma a bayan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin kogin Nilu Shuɗi, inda a 1906 aka kafa garin da har yau ake kira Maiurno. Fartanya kuwa, domin da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, mutanenmu na cikin waɗanda suka yi ta shema da tsintar auduga. Amma akwai abu na uku da ba a cika faɗa ba, wato lori. Ni a gidanmu shi ne ya sauke mana buhun auduga daga wuya.

Kwanakin baya wani ɗan'uwa daga Kano ya nuna mini hotunan abin da Amurkawa ke kira hot rod. Tun shekarun 1930 samarin Kalifoniya ke sayen tsofaffin motocin Ford, su ɓaɓɓalle duk abin da ke ƙara musu nauyi, su dasa musu babban inji, su je busassun tafkunan hamada su yi tsere. Abin ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har aka kafa masa mujalla a 1948. Na ce masa ai mu ma muna da irin wannan sana'a, sai dai su gudu suke nema, mu kuwa ɗaukar kaya da juriya.

Motar tamu ita ce Bedford samfurin TJ, mai dogon hanci, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958. A Sudan sunanta Sifinja, wato takalmin soso, saboda laushin tafiyarta. Don kwalta aka yi ta, ƙasarmu kuwa baƙar laka ce: da rani ta tsattsage kamar bayan kada, da damina ta riƙe taya kamar ɗanko. Ga gonakin tarakta na dawa da riɗi a Dali da Mazmum da Gadarif, ga gawayi da itace daga wajen Damazin, duk suna jiran mai kwasowa zuwa kasuwannin Sennar da Wad Madani. Yawancin mutanenmu ba su samu hawasha ba, wato gonar da hukumar Jazira ke raba wa manoma. Wanda bai da ƙasa, hanya ce gonarsa. Yaro ya fara da yaron mota, ya zama direba, in Allah ya yarda wata rana ya mallaki tasa.

Haka kawuna ya bi. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya sayar da shanunsa huɗu, matarsa ta cire awarwaronta na zinare, ya sayo wata Bedford da ta shekara uku a yashe bayan ta kife da kayan gawayi. Ranar da aka jawo ta, kakata ta leƙa ta ce, "Yanzu wannan gawar ka saya da shanun?" Bai tanka ba. Shi kansa ya san idan aikin ya ƙi, sai ya koma tsintar auduga da furfura a gemu.

Aka kai ta warsha, wato gareji, a unguwar makanikai ta Sennar, wurin wani usta Bahaushe da ba ya karatun boko ko kaɗan. Ni ne mai kai musu abinci ranakun hutu, don haka na ga aikin da idona. Abu na farko, an kwance ta kakaf, har ba abin da ya rage sai ƙarafunan shasi biyu a kan duwatsu. Usta ya bi su da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, duk inda sautin ya mutu ya shata da alli. Aka miƙar da inda ya lanƙwashe, sannan aka lulluɓe shasin da wani ƙarfen, aka ɗinke da kusoshi masu zafi. Na tambaye shi me ya sa bai yi walda ba, ga ta ta fi sauri. Ya ce, "Ɗana, shasi yana son ya yi numfashi. In ka ƙulle shi da walda, ramin farko zai karye."

Daga nan aka koma kan sifirin. Aka ƙara masa ganye gaba da baya, kowane ganye an lanƙwasa shi da guduma a kan maƙera har ya kwanta a jikin ɗan'uwansa. Nan ne gwanintar take, domin in ya yi tauri da yawa motar za ta girgiza direba har ƙashin baya, in ya yi laushi ta durƙusa da kaya. Inji kuma aka sauke shi, aka sake masa zobba da fistin, aka wanke lagireto. Aka rataya ƙarin tankin mai da na ruwa, saboda akwai hanyar da za ka yini ba ka ga rijiya ba. Maƙera suka gina sabon bodi na ƙarfe mai tsayi, aka faɗaɗa mazaunin direba yadda zai ɗauki fasinja. A ƙarshe mai fenti ya zo da shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, aka rataya tuntaye, aka sa ƙaho mai waƙa da tun daga nesa mutanen ƙauye ke gane motar wane ce.

Wata huɗu aka yi. Ranar da ta shigo ƙauyenmu mata suka yi guɗa kamar an kawo amarya, aka yanka rago, malamai suka yi addu'a. A tafiyarta ta farko ta ɗauko buhun dawa ɗari daga Mazmum, nauyin da waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa tanadar mata ba. Da kuɗinta aka biya mini makaranta, da shi aka mayar wa matar kawu awarwaronta.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na girma shi ne, kamfanin da kansa ya mutu ya bar motar da rai. General Motors ya daina ƙera manyan motocin Bedford a 1986, wani kamfani mai suna AWD ya karɓi masana'antar ya ci gaba, shi ma ya durƙushe a 1992. Amma a Shandi da Ubayyid da Madani ustoci ba su fasa ba: su haɗa matattu biyu su fitar da rayayya ɗaya, abin da babu a kasuwa su ƙera shi. Har masana daga Jamus suka zo kallo. Kurt Beck na Jami'ar Bayreuth ya yi rubutu a kan sana'ar, Valerie Hänsch kuma ta yi fim a 2009 da ta kira motar amaryar ƙarfe.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a Yunin 2024. An kwashe motocin jama'a ba adadi. Tamu ta tsira, wataƙila don masu kwasar sun raina tsufanta. Ita ce ta ɗauki mata da yara da tsofaffin danginmu ta bi ta daji da su zuwa Gadarif cikin damina, jikan kawu na tuƙi. Shasin da aka ɗinke kusan shekara arba'in da suka wuce bai ko tsage ba.

Ustan ya daɗe da rasuwa, almajiransa yaƙi ya warwatsa su, samari kuma sun koma rakasha, wato Keke Napep. Ilminsu ba a takarda yake ba, a kunne da tafin hannu yake. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ke da tsohon bakanike ko direba a gidansu, a Sennar ne ko a Kano ko Maraɗi, ya zauna da shi ya naɗi maganarsa tun yana iya bayarwa. Kakanninmu da suka zo da ƙafa an rubuta tarihinsu. Waɗanda suka ɗora mu a kan taya ma sun cancanci haka. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Sudan lafiya.