Al Smith, gwamnan New York (1873–1944)

Idan muna maganar gwamnonin Amurka na farkon ƙarni na 20, dole mu ambaci Alfred Smith, ɗan talakawa da aka zaɓa gwamnan jihar New York har sau huɗu. An haife shi a birnin New York a 1873. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, sai ya bar makaranta ya kama aikin ƙarfi a kasuwar kifi ta Fulton.

Ya shiga majalisar jiha a 1904 a ƙarƙashin jam'iyyar Democrat. A 1911 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle, ta hallaka ma'aikata 146, akasarinsu 'yan mata. Smith ne mataimakin shugaban kwamitin binciken, wanda aikinsa ya haifar da dokokin kariya daga gobara da na taƙaita aikin yara.

Ya yi gwamna daga 1919 zuwa 1920, sannan daga 1923 zuwa 1928. Ya haɗe hukumomin jiha da suka yi yawa, ya ƙara wa makarantu da asibitoci kuɗi.

A 1928 ya zama ɗan Katolika na farko da babbar jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa. Masu adawa suka yaɗa cewa Fafaroma zai riƙa ba shi umarni, ga shi kuma yana adawa da dokar hana giya. Herbert Hoover ya kayar da shi, jihohi 8 kawai ya samu. Sai a 1960 muka ga ɗan Katolika, John Kennedy, ya ci wannan kujera.